Ciwon da Muka Kira Palu

A gidanmu ba a taɓa cewa Yaya ya sha giya ba. Ko sau ɗaya. Palu ake cewa. Mu nan Douala zazzaɓin cizon sauro shi ne palu, kalmar Faransanci ce da ta zauna a bakinmu tun kafin a haife ni. A unguwarmu New Bell kuwa, inda kwata ke cika da damina ta shigo mana har ɗaki, ba wanda zai yi mamaki in aka ce wane yana kwance da palu. To, Inna ta samu kalmar nan ta riƙe ta da hannu biyu. In Yaya ya shigo yana dafa bango, palu ne. In bai fito sallar asuba ba, palu ne. Ran da aka kawo shi a baro daga bayan kasuwar Marché Congo, rigarsa duk amai, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa masu baron, "Allah Ya yi muku albarka, palun nan ne ya sake kayar da shi." Su kuwa wari ya cika musu hanci, amma suka ce, "Allah Ya ba shi lafiya, Hajiya." Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka.

Kada wani ya ɗauka Inna ba ta da wayo. Rufin asiri take yi, kuma duk layinmu sun taya ta. Kakanmu ya sauko daga arewacin Najeriya da fataucin goro tun ba a san kwalta ba a unguwar. Mahaifinmu ya yi shekara talatin yana sayar da yadi a Marché Congo, kullum sahun gaba a masallaci har ranar da aka ɗauke shi. Ɗan wannan mutumin ba ya shan giya. In ma ya sha, ba daga gidanmu za a ji ba.

Ni ƙanwarsa ce, shekara bakwai tsakaninmu. An sa ni makarantar Faransanci, na zama sakatariya a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa, aurena ya mutu, na dawo ɗakin da aka haife ni. Ni kuma ba ni da haƙurin Inna ko na sisi. Duk unguwa an san bakina. 'Yan benskin, masu babur ɗin haya, in suka hango ni tafe sai su gyara farashi tun kafin in iso. Na zagi Yaya iya zagi. Na ce ya tozarta mu, na ce ya cinye shagon Baba, na ce matarsa ta yi daidai da ta kwashe 'yarta ta koma Garoua. Amma ko a tsakiyar zagin, kalmar nan ba ta taɓa fitowa daga bakina ba, sai dai in ce "abin nan da kake yi". Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam sakatariya, a yi haƙuri." Mutumin nan shi ne yake saɓa ni a wuya ya ratsa ruwa da ni zuwa makaranta in kwata ta cika, takalmana a hannunsa. Ina son shi, ina jin haushinsa, duka a wuni ɗaya.

Da 'yan dakon kasuwar Mboppi ya fara, lokacin da yake zuwa sarin yadi. Giyar leda ce, irin ƙananan nan da ke shiga aljihun jallabiya ba wanda ya gani. Ba sai ka shiga mashaya an gan ka ba. Irin wannan ita ce ta cinye samarinmu da yawa, don dai ba a faɗa ne.

Sai wata shekara na lura da wani abu. Yaya ya fara ɓacewa daga la'asar har bayan magariba, kuma in ya dawo, tafiyarsa miƙe. Kwana biyar, kwana goma, mako uku. Maimakon in yi murna sai hankalina ya tashi, na ce wannan wata sabuwar masifa ce ya samo wadda ba ta da wari. Wata Asabar na yafa gyalena na bi shi a baya kamar ɓarauniya. Ya wuce masallacin layinmu, ya wuce masu gasa kifi, ya shiga wani lungu da ke tsakaninmu da unguwar Basa. Na ga ya ɗaga labule ya shige wani ɗaki. Tsohuwar mashaya ce, na san ta tun ina yarinya. An shafe bangon da farar ƙasa, amma hoton kwalbar da aka zana yana nan yana leƙowa ta ƙarƙashi.

Kai, jama'a! Ban san lokacin da na faɗa ciki ba. Na tanadi zagi cike da baki.

Maza ne kamar goma sha biyu a kan kujerun roba, kowa da kofin shayi. Biyu suna buga dara. A bayan kantar da ake jera kwalabe a da, tukunya ce a kan wuta, da gwangwanin sukari, da burodi a leda. Can ƙurya an shimfiɗa tabarma, ga buta a gefe. Wani tsoho gajere mai faɗin kafaɗa ya taso yana goge hannu da tsumma, ya dube ni, ya dubi Yaya da ya sandare a tsaye, ya ce da irin Hausar kasuwa wadda ba ta san mace da namiji ba, "Kai ne ƙanwan shi? Zauna. Shayi ko ruwa?"

Na ce, "Me kuke zuba masa a ciki?"

Ya ce, "Citta. In akwai."

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Wannan shi ne Pa, haka kowa ke kiransa. Ɗan ƙabilar Basa ne, Kirista, tsohon ɗan dako a tashar jirgi. Ya sha giya har ta raba shi da mata da 'ya'ya da haƙoran gaba, sannan ya daina. Da mashayar ta mutu sai ya karɓi hayar ɗakin, don kawai waɗanda suke son dainawa su samu inda za su zauna. Ya ce mini mugun lokaci shi ne daga la'asar zuwa magariba, in an tashi aiki, kowa ya nufi inda ya saba. A lokacin nan maƙogwaro ke kira. In mutum ya samu kujera da abu mai zafi a hannu da wanda zai yi masa surutu har lokacin ya wuce, to ya ci ranar. Butar nan ma shi ya saya, da ya ga Musulmi sun fara shigowa. Ya ce ba ya son mutum ya fita neman ruwan alwala ya haɗu da wani abin a hanya.

Da biyar ta yi suka ja kujeru suka yi da'ira. Na so in fita, Pa ya ce in Yaya ya yarda zan iya tsayawa. Yaya ya ɗaga kai alamar ya yarda, bai dube ni ba. Kowa ya faɗi nasa, wani da Faransanci, wani da Fulatanci, wani da Turancin kasuwa. Da aka zo kan Yaya sai ya ajiye kofi a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya ce da Hausa, "Ni mashayi ne. Yau kwana ashirin da shida ban sha giya ba." Sannan ya maimaita da Faransanci don sauran.

Wallahi ji na yi kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Ɗan Babana, da bakinsa, a gaban baƙi! Na fito waje na zauna a wani benci da ke jikin bango, na yi kuka har majina. Daga baya na gane bencin nan na waɗanda suka zo a buge ne. Dokar Pa ke nan: wanda ya sha ba ya shiga ciki, amma ba a korar shi, ya zauna a benci a ba shi ruwa har ya dawo hayyacinsa. Yaya ya daɗe yana tsokanata da wannan, wai ranar farko a bencin bugaggu aka ajiye Madam.

Wurin nan da ƙyar yake numfashi. Wa zai yi arziki da mutanen da ke wuni a kan kofi ɗaya? Kwanon rufin duk ya huje, in ana ruwa sai a jera bokitai a riƙa matsar da kujeru. Da damina ruwan kwata yakan shigo har idon sawu, su ɗaga ƙafafu a kan kujera su ci gaba da zancensu. Gas ya ƙare, Pa ya koma gawayi, hayaƙi ya riƙa sa su hawaye. Akwai ranar da na tarar ba ganyen shayi ma, ruwan zafi da lemun tsami suke sha, kuma ba wanda ya tashi.

Ban yi shawara da kowa ba na shiga ciki tsundum. Duk Asabar nakan dafa folere, zoɓo ke nan a wajen 'yan uwanmu na Najeriya, jarka biyu, in ɗora wa ɗan benskin muna tafe muna faɗa a kan ramuka. Na roƙo tsofaffin kwanoni huɗu a wurin aikinmu aka toshe rufin. Na buga wasiƙu a injin ofis da Faransanci mai kyau, irin wanda ake sa wa hannu da tambari, na aika wa duk wata ƙungiya da na ji an ce tana taimako. Ɗaya ce ta amsa, ta ce an ji, za a duba. Har yau ana dubawa. A gida kuwa na ce wa Inna sana'ar folere na fara. Ba ta tambaye ni inda nake kaiwa ba, ba ta tambaye ni ina ribar ba. Sai dai wata Asabar na fito na tarar ta daka citta da kanumfari ta ajiye mini kusa da tukunya. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Maza sun fi son shi da yaji." Daga ranar ita ke daka mini.

Shekara biyu da wata uku Yaya bai sha ba. Ya samu wata kusurwa a Marché Congo ya ajiye keken ɗinki, don tun yana yaro hannunsa ya iya almakashi. Ya yi ƙiba har wuyansa ya fito. Ya koma sahu a masallaci, ba na gaba ba dai, amma sahu. 'Yarsa ta zo hutu daga Garoua, ya ɗinka mata kaya kala uku, ya kai ta bakin kogi suka ci gasasshen kifi. Mata suna shigowa gidanmu suna cewa, "Hajiya, jikin ɗanki ya yi kyau." Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, palun ya sake shi." Waɗannan su ne shekarun da na fi jin daɗi a rayuwata, kuma ban sani ba sai da suka wuce.

Bencin nan na waje shi ya jawo fitina. Labari ya bazu cewa akwai inda ba a korar bugagge, sai suka fara zuwa tun da hantsi, wasu ma ba da niyyar dainawa ba. Lungun kuma hanyar mata ce zuwa islamiyya. Wani ya yi amai a inda suke bi, wani ya faɗa wa wata matar aure maganar banza, rannan aka yi dambe har da fasa kai. Ban ce mutanen unguwa ba su da gaskiya ba. Dattawan layin suka taru suka je wurin mai ginin, suka ce mashaya ta dawo da wani suna. Mai ginin wani Alhaji ne mai sarin atamfa a Mboppi, aminin mahaifinmu tun suna samari, shi ya yi wa Yaya huɗuba ranar da aka haife shi. Ya aika wa Pa cewa ya nemi wani wuri kafin ƙarshen wata.

Pa ya same ni ina sauke jarka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar. Ya ce, "Ma fille, 'yata, Alhajin nan mutumin ku ne. Ni in na je, arne mai mashaya ya je. Kai ka je."

Ranar Juma'ar da zan tafi wurin Alhaji, na biya ta kasuwa da safe. Yaya yana kan keke, zare a baki. Ya tsayar da ƙafa ya ce, "Zai tambaye ki ko akwai namu a ciki. Na san shi. In ya tambaya ki faɗa masa. Ki ce ni ne, ki faɗi sunan abin. Na yafe miki."

Na ce, "Ka tabbata, Yaya?"

Ya ce, "In aka rufe wurin nan ban san inda zan sa kaina da la'asar ba. Ni kunyarsa nake ji, ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ke kuwa ba ki jin tsoron kowa."

Na buga ƙirji na ce, "Ni? Haba Yaya, ai ka san bakina. Ka ɗauka an gama."

Bayan la'asar na je. Alhaji yana falonsa a kan darduma, da wani dattijo ɗaya a gefensa yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe su. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, sannan ya shiga labarin mahaifinmu. Yadda suka taɓa kwana a tashar jirgin ƙasa da dilar yadi ɗaya a tsakaninsu. Yadda Baba bai taɓa rage wa mai saye ko taƙi ɗaya a awo ba. Ya ce, "Mahaifinku ya zo duniya ya koma, ba wanda ya taɓa jin abin kunya daga gidansa." Har idonsa ya kawo ruwa.

Sannan na yi bayanina. Na yi shi da kyau, na tsara shi kamar wasiƙar ofis. Na ce ba a sayar da komai a wurin sai shayi, na ce za a ɗauke bencin a mayar da shi baya, na ce mutanen nan marasa lafiya ne masu neman lafiya. Ya saurara har na gama. Ya ce, "'Yata, na ji. Ni ba na son korar kowa. Amma dattawa sun zo mini, kuma sai na ba su amsa. Abu ɗaya zan tambaye ki. Akwai namu a ciki? Ɗan unguwar nan, ɗan gidan da na sani, wanda wurin nan ya amfana? In akwai, zan ce musu ɗanmu ne ke jinya a can, ba mai sake magana."

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Dattijon nan ya daina jan carbi. Na ji motsin mata a bayan labule. Sunan Baba bai gama barin ɗakin ba. Na buɗe baki, sai na ji muryata tana cewa, "Babu, Baba. Taimako ne kawai nake yi, don Allah."

Ya ce, "Yayanki fa? An ce ana ganinsa a lungun."

Sau biyu ke nan. Sau biyu bawan Allah nan ya ba ni dama. Na ce, "Shayi yake zuwa sha. Ka san palu ya daɗe yana wahalar da shi, an ce ya riƙa shan abu mai zafi."

Ku ji shirme! Mace mai shekara arba'in, mai takardar makaranta, wadda ta gama faɗa da duk 'yan benskin na Douala. Alhaji ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To. Allah Ya ƙara masa lafiya." Sannan ya ce tunda babu namu, ba shi da abin da zai faɗa wa dattawa, sai dai ya ƙara wa tsohon wata ɗaya ya samu ya kintsa. Na yi godiya. Har godiya na yi.

Da na dawo Yaya yana zaune a ƙofar gida yana jirana. Na ce, "Ya ƙi."

Ya ce, "Kin faɗa masa?"

Na ce, "Na faɗa."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi ya tafi alwala.

Pa bai samu ɗaki a New Bell ba. Duk inda ya je labari ya riga shi. A ƙarshe wani ɗan uwansa ya ba shi rumfa a bayan gidansa a unguwar PK 14, can bayan gari kan tsohuwar hanyar Yaoundé. Muka loda kujeru da tukunya da buta a wata tsohuwar mota. Tsohon ɗakin yanzu rumbun atamfa ne, an yi masa fenti mai kyau da ƙofar ƙarfe. Ba na bi ta lungun.

Daga kasuwa zuwa tsohon wurin tafiyar minti goma ce a ƙafa. Zuwa PK 14 kuwa mota biyu ce, ga cunkoson mahaɗar Ndokoti da ke cin awa guda in an tashi aiki. Wato mugun lokacin nan da Pa ya faɗa, a kan titi Yaya yake yin shi yanzu, a tsaye yana jiran mota, mashaya a damansa, mashaya a hagunsa, kiɗa na tashi. Duk da haka ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Wata biyu kullum yana zuwa. Sannan ya koma sau uku a mako. Da damina ta kankama sai Lahadi kawai. Cikin mutum goma sha biyun da na tarar ranar farko, uku ne suka jure hanyar. Ni ban fasa kai folere ba, har yau ina kaiwa duk Asabar, sababbin fuskoki ne ke sha. Amma kada a yaba mini, na san abin da nake biya.

Wata Talata da yamma ya shigo, ya yi sallama da ƙarfi fiye da kima. Ya wuce ta gabana, na ji warin. Inna tana bakin murhu, ba ta juyo ba, ta ce a hankali, "Palun ya dawo."

Ranar na fashe. Na ce, "Inna, giya ce! Giya! Giya yake sha, ba sauron da ya cije shi!" Na faɗa da ƙarfi har maƙwabta sun ji. Abin da na kasa faɗa a inda zai yi amfani, shi na zo na zazzage wa tsohuwa a tsakar gidanta. Ta ci gaba da juya miya. Can ta ce, "Na sani. Ni na haife shi."

Komawar ta fi ta farko muni. Cikin shekara ɗaya da rabi keken ɗinkin ya tafi, idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka ƙi shiga takalmi. A asibiti likita ya ja ni gefe ya ce hanta ce, ta gama aiki, mu kai shi gida ya huta. Muka shimfiɗa masa katifa a ɗakin Baba. Pa ya zo tun daga PK 14 da shayi a fulas. Na zaci Inna za ta shige ɗaki, sai ta shimfiɗa masa tabarma da hannunta, ta ce masa sannu da ɗawainiya. Ya zauna kusa da Yaya, ya riƙa ba shi a cokali, yana ce masa, "Yau ba ka sha ba. Kwana ɗaya ke nan. Mu fara daga nan."

Bayan tafiyarsa, da azahar, Inna ta shiga salla, muka rage ni da Yaya. Ina yi masa fifita. Na ga in ban faɗa yau ba, ba zan samu wanda zan faɗa wa ba. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ƙarya na yi maka. Alhaji ya tambaye ni har sau biyu, na ce babu namu. Ya ce in akwai zai bar wurin. Ni na rufe shi, Yaya, da bakina."

Ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti.

Ya ce, "Madam sakatariya, ai na sani tun washegari."

Na saki mafici.

Ya ce, "Bayan magariba Alhaji ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ja ni gefe, mu biyu kawai. Ya ce, ƙanwarka ta ce babu namu a wurin tsohon nan, haka ne? Yana riƙe da hannuna, yana kallon idona. Ba labule, ba dattijo, ba kowa." Ya tsaya ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Na ce masa, gaskiya ta faɗa maka, Baba."

Hawaye kawai ke zuba, har kan zanen da aka lulluɓe shi da shi. Kusan shekara biyu yana kallona ina fita da jarka ina dawowa, bai taɓa nuna mini ko a fuska ba.

Ya lalubo hannuna ya ce, "Don haka ki daina ɗauka ke kaɗai. Rabi naki, rabi nawa. Ɗan gyara mini filon nan, wuyana ya gaji."

Na gyara masa. Bayan kwana huɗu ya rasu, da hantsi, Inna tana riƙe da kansa. Rabin da ya ce nasa ne, ban san inda zan kai masa ba, har yau duka yana wurina.